Ƙwaya, Tattaunawa, ko a Haɗa Biyun? Zaɓen Hanyar Jinyar Ciwon Ƙwaƙwalwa

An gama dogon zama da likitan ƙwaƙwalwa, an sa wa abin da ke damunka suna, sai ya ajiye biro ya ce hanya uku ce a gabanka. Ko a fara magani, ko a haɗa ka da ƙwararre ku riƙa zama duk mako kuna tattaunawa, ko a yi duka biyun. Wacce ka fi so?

A nan mutane da yawa suke daburcewa. Wani ƙwayar ce ke ba shi tsoro, domin ya sha jin ana cewa in ka fara ba ka dainawa. Wani kuma yana ganin rainin hankali ne a ce zance zai warkar da ciwon da ya hana shi barci wata uku. In kuwa ɗanka ne ko tsohuwar mahaifiyarka ka kawo, nauyin zaɓin ya ninka, don jikin wani za ka yanke wa hukunci.

Likitan da ya yi maka wannan tambaya ba gudun aikinsa yake yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma jinyar da mutum bai yarda da ita ba a aljihu take ƙarewa, ko ya je zama biyu ya ɓace. Sai dai kafin ka amsa, ya kamata ka san me kake saye da me kake bari.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma shi ke danne sauran, shi ne sunan ciwon da tsananinsa. Ciwon damuwa mai sauƙi, da ciwon da mutum ke jin muryoyin da babu su, duk a ofishin likita ɗaya ake kai su, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. A wasu ciwuka zaɓin a buɗe yake. A wasu kuma maganar zaɓi ma ba ta taso ba, magani ne ginshiƙi.

Bayan wannan sai a duba saurin samun sauƙi, da ɗorewar sauƙin bayan an tsayar da jinya, da abin da za a kashe na kuɗi da lokaci, da wahalar bin tsarin, da haɗarin da ke ciki. Shekarun mai ciwon da halin da jikinsa ke ciki suna iya juya amsar kowane ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa zan ware musu wuri nasu.

Magani shi kaɗai

Magungunan ƙwaƙwalwa na zamani ba su daɗe ba. A 1949 ne John Cade, wani likita a Ostareliya, ya bayyana amfanin litiyam ga masu ciwon hawa da saukar yanayi, wanda ake kira baifola. A 1952 likitoci a Paris suka fara ba masu tabin hankali kilofromazin. Fuloksetin kuwa, wanda duniya ta fi sani da Prozac, a 1987 ya samu izini a Amurka, kuma shi ya buɗe wa dangin magungunan da ake kira SSRI ƙofa, irin su satralin da esitalofram, waɗanda yau su ake fara bai wa mai ciwon damuwa ko fargaba.

Ta fuskar sauri, magani ya fi, amma ba kamar yadda ake zato ba. Maganin damuwa ba irin na ciwon kai ba ne da za ka sha da safe ka ji daidai da rana. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, mako 6 ko fiye kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Abin haushin shi ne illolinsa suna riga amfaninsa isowa: tashin zuciya, ciwon kai, rikicewar barci a makon farko. A wannan tsakanin ne mutane da yawa ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Kuma ba lallai na farkon ya dace ba. A babban binciken STAR*D na Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2006, kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warke sarai da maganin farko, sauran sai da aka canza ko aka ƙara wani.

Ta fuskar kuɗi, tsofaffin magungunan da kowane kamfani ke iya yi su ne mafi arha a duk hanyoyin uku. Fuloksetin, amitiriftilin, halofaridol, risferidon da litiyam duk suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma kada a tsaya ga kuɗin ƙwaya kawai. Mai shan litiyam sai an riƙa auna yawansa a jini, a duba ƙoda da ƙwayar maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba ƙarama ce. Mai shan kilozafin, maganin da ake komawa gare shi in wasu biyu sun kasa a ciwon sikizofiriniya, wato tabin hankalin da mutum kan ji muryoyi ko ya gaskata abin da babu shi, sai an riƙa ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa a kai a kai. Mai shan olanzafin sai an sa ido kan nauyinsa da sukarin jininsa.

Sauƙin bi ba a cewa komai: ƙwaya ɗaya ko biyu a rana, ganin likita lokaci-lokaci. Ga wanda yake yawan mantuwa ko ƙin sha, wasu magungunan tabin hankali suna da allurar da ake yi sau ɗaya a wata.

Inda magani ke da rauni shi ne ɗorewa. Yana aiki ne muddin ana shan sa. Shi ya sa ake cewa mai ciwon damuwa ya ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan ya ji ya warke, wanda ciwon ya sha dawo masa kuma ya fi haka daɗewa. Batun "in ka fara ba ka dainawa" kuwa yana buƙatar a rarrabe. Magungunan SSRI ba sa sa mutum ƙishirwarsu ko neman ƙari kamar kayan maye. Amma jiki yana sabawa da su, in aka yanke su rana ɗaya sai jiri, saurin fushi, mafarkai masu nauyi, wani ma ya riƙa jin kamar wutar lantarki na fizgar kansa. Da sannu ake rage su, cikin makonni ko watanni, tare da likita. Waɗanda ke kama mutum da gaske su ne dangin dayazefam, masu kwantar da fargaba cikin minti kaɗan. Daɗin nasu ne tarkonsu, shi ya sa ƙa'idarsu ba ta wuce mako 2 zuwa 4 ba.

Akwai illar da marasa lafiya ke jin nauyin faɗa, likitoci kuma ba kowa ke tambaya ba: raguwar sha'awa ko jinkirin gamsuwa a auratayya. Tana faruwa sosai da SSRI, kuma tana cikin manyan dalilan da ke sa mutum ya daina sha a ɓoye. Gara a faɗa, don akwai magungunan da wannan illa ta yi sauƙi a cikinsu.

Tattaunawa ita kaɗai

Sunan ne ke cutar da ita. Mai jin "tattaunawa" sai ya ɗauka hira ce da nasiha, irin wadda aboki zai yi maka kyauta. Jinyar tattaunawa ta gaske aiki ce mai tsari, da manufa, da adadin zama, har da aikin gida. Wadda aka fi bincike a kanta ita ce CBT, wato jinyar gyara tunani da hali, wadda Aaron Beck ya gina a shekarun 1960 a Jami'ar Pennsylvania. Tushenta shi ne mai ciwon damuwa yana da wasu tunane-tunane da ke faɗo masa ba tare da ya gayyace su ba, "ni ba ni da amfani", "kowa ya gaji da ni", sai ya ɗauke su gaskiya, ya janye daga mutane, janyewar kuma ta ƙara tabbatar masa da su. A zaman ana koya masa ya kama tunanin, ya rubuta shi, ya nemi hujjarsa, sannan ya koma ayyukan da ya bari ɗaya bayan ɗaya ko da bai ji sha'awa ba. Yawanci zama 12 zuwa 20 ne, kowanne kusan awa guda.

Kowane ciwo da irin tasa. Mai ciwon waswasi da ke wanke hannu sau hamsin a rana, za a sa shi ya taɓa mariƙin ƙofa ya zauna bai wanke ba, har fargabar ta kai ƙololuwa ta sauko da kanta, ya gani da idonsa cewa ba abin da ya faru. Wanda mummunan abu ya same shi, yake ta dawo masa a mafarki da farke, ana bi da shi ta cikin labarin a hankali har ya daina firgita shi. Mai rashin barci na dogon lokaci akwai tsarin CBT na barci, kuma shi manyan ƙungiyoyin likitoci suka ce a fara da shi kafin ƙwayar barci. Wanda kuma yanayinsa ke juyawa da ƙarfi har yana ji wa kansa rauni, akwai DBT, tsarin tattaunawa na Marsha Linehan mai koyar da sarrafa motsin rai.

Ƙarfinta yana wajen ɗorewa, kuma a nan akwai lissafin da ya kamata a tsaya a kai. A wani bincike da Steven Hollon da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, an bi mutanen da suka samu sauƙi daga ciwon damuwa mai matsakaici zuwa mai tsanani har shekara guda. Waɗanda aka cire wa magani, kusan kashi 76 cikin 100 ciwon ya dawo musu. Waɗanda suka ci gaba da sha, kashi 47. Waɗanda suka yi jinyar tattaunawa suka gama, kashi 31. Ma'ana wanda ya gama zamansa ya tafi gida bai fi wanda ke ci gaba da shan ƙwaya haɗarin komawa ba. Abin da aka koya yana nan ko an daina zuwa.

Farashin wannan ɗorewa shi ne kuɗi, lokaci da ƙoƙari. Awa guda ta ƙwararre sau goma sha shida ta fi kwalin ƙwaya tsada nesa ba kusa ba, ga zirga-zirga, ga barin aiki. Ƙwararrun ma ba su da yawa a mafi yawan ƙasashe, layin jira yakan yi tsawo. Ana rage wannan ta zaman rukuni, ko ta waya da intanet, ko ta gajerun tsare-tsare irin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya, zama 5 kacal, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya gudanarwa in an horar da shi. A Zimbabwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma gwaji ya nuna yana aiki.

Haɗarinta ba na ƙoda ko hanta ba ne, amma akwai shi. A makonnin farko abin kan ƙara zafi, tunda ana taɓa inda ake gudu. Ana iya faɗawa hannun wanda bai da horo, ya yi ta saurarenka wata da watanni ba inda aka dosa. Mafi muni shi ne ɓata lokaci a ciwon da magani yake buƙata. A ganina, in an yi zama shida zuwa takwas ba ka san me ake nufin cimma ba, ba a kuma taɓa ba ka abin da za ka gwada a gida ba, ka tambaya kai tsaye, in amsar ba ta gamsar ba ka nemi wani.

Haɗa biyun

Hikimar haɗin mai sauƙin ganewa ce. Wanda ciwon damuwa ya kwantar har ba ya iya wanka ba zai iya rubuta tunaninsa a takarda ba. Magani ya ɗaga shi ya zauna, tattaunawa ta koya masa abin da zai hana shi sake faɗuwa, kuma a zaman ne yakan faɗi illar maganin da ta dame shi kafin ya kai ga jefar da shi.

Lissafin ma yana bayan wannan hanya, musamman ga yara da matasa. A binciken TADS na 2004, kan matasa 439 'yan shekara 12 zuwa 17 masu ciwon damuwa, bayan mako 12 kashi 71 na waɗanda aka haɗa wa biyun sun samu sauƙi, kashi 61 na masu fuloksetin kaɗai, kashi 43 na masu CBT kaɗai, kashi 35 na masu shan ƙwayar wofi, wadda ba magani a cikinta. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: da aka kai mako 36, tazarar ta kusa rufewa, haɗin yana da 86, sauran biyun kowanne 81. Haɗin ya fi sauri ne, kuma tunanin kashe kai ya fi ƙaranci a cikinsa fiye da masu magani kaɗai. A binciken CAMS na 2008, kan yara 488 masu ciwon fargaba, tazarar ta fi fitowa: kashi 81 ga haɗin, 60 ga CBT, 55 ga satralin, 24 ga ƙwayar wofi.

Ita ce mafi tsada, kuma illolin magani ba su ragu don an haɗa ba. Akwai kuma haɗin suna kawai, inda mai rubuta magani bai san me ake yi a ɗakin tattaunawa ba, mai tattaunawa bai san an canza magani ba, mara lafiya ne ɗan aike a tsakani. Haɗin gaske shi ne su yi magana da juna, da amincewarka, a kan tsari ɗaya, a kuma riƙa auna ci gaba da wani ma'auni, kamar PHQ-9 mai tambayoyi tara, don kada a dogara da "yaya jiki?" da "da sauƙi".

| Ma'auni | Magani kaɗai | Tattaunawa kaɗai | Haɗin biyu |
|---|---|---|---|
| Fara ganin sauƙi | Mako 2 zuwa 6 | Yakan fi jinkiri | Mafi sauri a ciwo mai nauyi |
| Bayan an daina | Ciwon kan dawo in an yi gaggawa | Abin da aka koya yana zama | Yana da kyau in an kammala zama |
| Kuɗi | Kaɗan a wata, amma na dogon lokaci, ga gwajin jini a wasu | Da yawa, amma yana da iyaka | Mafi yawa |
| Ƙoƙari | Tuna sha kullum | Zama duk mako da aikin gida | Duka biyun |
| Haɗari | Illoli a jiki, wahalar yankewa kwatsam | Zafi a farko, rashin ƙwararre, ɓata lokaci | Illolin magani, rashin haɗin kai |

Inda shekaru ke juya lissafi

Ga ƙaramin yaro, iyaye ne rabin jinyar. Yaron da bai kai shekara 6 ba mai ADHD, wato ƙiriniya da rashin natsuwar da suka wuce misali, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a fara da horar da iyaye kan yadda za su bi da halinsa, magani ya biyo baya in hakan bai isa ba. Da ya shiga shekarun makaranta lissafin ya canza: binciken MTA na 1999 kan yara 579 ya nuna magani irin metilfenidet da aka bi da kulawa ya fi horon hali kaɗai rage ainihin alamomin. Sai dai a sa ido kan cin abinci, barci da girma.

Ga matashi akwai gargaɗin da ya kamata kowane uba da uwa su sani. A 2004 FDA, hukumar da ke kula da magunguna a Amurka, ta sa gargaɗi mafi ƙarfi a kan magungunan damuwa, bayan ta ga tunanin kashe kai ya bayyana a kusan kashi 4 na yaran da suka sha, kashi 2 kuma a masu ƙwayar wofi. Babu wanda ya mutu a gwaje-gwajen. A 2007 aka faɗaɗa gargaɗin zuwa 'yan shekara 24. Abin da yake nufi shi ne a makonnin farko, da duk lokacin da aka canza adadi, a riƙa ganin likita a kai a kai, wani babba a gida kuma ya lura. Ciwon da aka bari ba jinya shi ma yana kisa.

Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa tun a zaman farko. Balfuroyet, da ake bayarwa a baifola da farfaɗiya, yana jawo nakasa a kusan jariri ɗaya cikin goma, da matsalar koyo a kashi 30 zuwa 40. Duk da haka kada ta yanke kowane magani da kanta ranar da ta ga gwaji ya nuna ciki, ta je a tsara canjin.

Tsoho kuma jikinsa ba ya fitar da magani da sauri, ga shi yawanci yana shan wasu huɗu ko biyar. Ana farawa da kaɗan, a ƙara da sannu. Dayazefam da amitiriftilin suna kawo ruɗewa da faɗuwa, faɗuwar tsoho kuwa karayar ƙugu ce. SSRI kan rage gishirin jini. Magungunan tabin hankali ga mai ciwon mantuwar tsufa suna ƙara haɗarin mutuwa, FDA ta yi gargaɗi a kai tun 2005. Zaton cewa tsoho ya wuce koyon sabon abu kuskure ne. A binciken IMPACT na 2002, kan mutum 1,801 masu ciwon damuwa 'yan shekara 60 zuwa sama, an raba su gida biyu: a gida ɗaya an ba kowa ma'aikacin da ke bibiyarsa, aka bar shi ya zaɓi magani ko gajeriyar tattaunawa, ana canzawa in ba ci gaba. Bayan shekara kashi 45 alamominsu sun ragu da rabi, a kulawar da aka saba kuwa kashi 19.

Wa ya dace da wacce

In damuwarka ko fargabarka ba ta hana ka aiki da cin abinci ba, fara da tattaunawa. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ba ta son a fara da ƙwaya a irin wannan, sai in kai ka fi so. Haka mai tsoron wani abu takamaimai, mai rashin barci, da wanda wani mummunan abu ya firgita.

In ciwon damuwar ya yi nauyi, ko ya daɗe shekaru, ko wannan ne karo na biyu ko na uku, haɗa biyun, haka ma waswasi mai cinye awanni a rana. In kuɗi ko rashin ƙwararre ya hana, fara magani yanzu ka shiga layin jira, kuma ka yi ƙoƙari zaman ya zo kafin lokacin da za a fara rage maganin.

In baifola ne ko sikizofiriniya, magani ne tushe. Tattaunawa da ilmantar da iyali suna taimaka wa mutum ya riƙe maganinsa, ya gane alamun dawowar ciwo, ya koma makaranta ko aiki, amma ba sa maye gurbinsa. Kuma duk wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci yana jin ƙarfi, yana kashe kuɗi ba lissafi, ya faɗa wa likita kafin a ba shi maganin damuwa, don shi kaɗai yana iya tayar da wannan hali.

Wanda ya tsara yadda zai kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko muryoyi ke umartarsa, ko uwar da ta rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ba lokacin zama a auna zaɓi ba ne. A kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kwashe magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga inda hannunsa zai kai.